Maɓallan Abba da Tsohuwar Mahaɗa

Zuwa ga Kawu Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki.

Kawu, ka yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Na san ni ba sa'arka ba ce, kuma ba wanda ya aike ni. Ni ce Auta, 'yar wanda kuke kira Maigadi a wurin aikinku, saboda ba abin da ke shiga kanel ɗin manhajarku sai ya bi ta hannunsa. Wataƙila za ka tuna wata yarinya da ke zama ƙarƙashin teburinsa tana kitsa matattun wayoyi. Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Adireshinka a ƙasan wani gyara da ka yi na gan shi, kuma gyaran ne dalilin wasiƙar nan.

Ban sani ba ko labari ya iso ka. Bayan Abba ya bar aiki ya sami shanyewar ɓarin jiki. Karon farko ya bar masa 'yar magana da ƙyar. A lokacin ne ya sa na haɗa masa akwatin magana, yana nuni ina ɗaurawa: ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfaninku, da lasifika, da manyan maɓallan nan na masana'anta da ake dannawa da safar hannu, waɗanda shi ya rubuta musu direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane su, tun ban zo duniya ba. Yana danna haruffa da bayan yatsunsa na hagu, akwatin ya faɗa. Karo na biyu ya tafi da sauran maganar. Tun daga nan akwatin ne bakinsa.

Watan jiya wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ƙwaƙwalwar. Yayana ya aiko sabuwa, irin wadda kuke yi yanzu. Tsohon kanel bai san ta ba, ko tashi ba ta yi da shi. Abba ya taɓa ce mini kanel shi ne zuciyar manhaja, kuma kowace na'ura sai an haɗa mata nata daidai jikinta. Sai na ɗauko sabo daga shafinku na zauna in haɗa yadda ya koya mini. Na buɗe jerin zaɓuɓɓukan nan mai shuɗin bango, inda ake kunna abin da ake so a kashe wanda ba a so. Kawu, zaɓin maɓallan Abba babu shi. Da a kashe na same shi da na kunna. Wurinsa ma ya rufe, na samansa ya haɗe da na ƙasansa.

Na ɗauka idona ne. Na yi ta bi har na gano. Maɓallan sun dogara da Tsohuwar Mahaɗa, sashen kanel da ke haɗa su da ƙwaƙwalwar, wannan na san shi tun da. Amma yanzu an ƙara layi ɗaya: Tsohuwar Mahaɗa ta dogara da tsohon agogon cikin ƙwaƙwalwa. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta da tsohon agogo. To Mahaɗa ta ɓuya, maɓallan suka bi ta. Sunanka ne a ƙasan layin.

Mun gwada wasu hanyoyin. Wayar hannu ba ta yi ba, hannunsa na rawa, gilashin ba ya gane shi. Ƙananan maɓallai kuwa da yawa yake dannewa lokaci guda. Abin da ya rage masa ɗaga kai da girgiza shi. Shekaranjiya ya yi ta gurnani tun hantsi. Umma ta kawo shayi, ya girgiza kai. Ta buɗe taga, ta rufe taga, ta sauya matashi. Sai da la'asar da na dawo makaranta na ɗaga bargo na ga ƙafarsa ta maƙale a ƙarfen gado, har fatar ta saluɓe. Umma ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada ya ji kukanta.

Ban san dalilin layin ba, kuma na tabbata akwai dalili. Roƙona kawai, in zai yiwu a cire shi, a cire.

Ka gaida Anti da yara. Na gode da ka karanta har nan.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki. Na tuna ki. Na ji an ce ba shi da lafiya, ban san abin ya kai haka ba. Allah ya ba shi sauƙi, ya ba mahaifiyarku haƙuri.

Kin bi sawun abin daidai. Ga dalilin layin. Tsohuwar Mahaɗa ba ta iya aiki sai da tsohon agogo, da shi take auna lokacin da za ta saurari abin da aka jona mata. In babu shi za ta tsaya jiran abin da ba zai zo ba, ta riƙe na'urar gaba ɗaya. Ban ƙirƙiri wannan dogaro ba, dama yana nan. Na rubuta shi ne kawai don kada wani ya kunna abin da zai daskarar masa da na'ura. Saboda haka ba zan cire layin ba.

Akwai abin da ba ki gani ba, gara ki ji daga bakina. A zubi mai zuwa, wato sabon kanel da za mu fitar, za a cire Tsohuwar Mahaɗa baki ɗaya. Duk abin da ke rataye da ita an mayar da shi Sabuwar Mahaɗa, saura direban mahaifinki kaɗai. Sunansa ne a kai a matsayin mai kula. Na rubuta masa, na sake rubutawa, na yi sanarwa a inda ake yi, na jira iya wa'adin da aka saba. Ba amsa. A ƙa'idarmu abin da mai kula da shi bai amsa ba maraya ne, kuma maraya ba ya kwana a kanel. Za a cire shi tare da ita.

Na ga kina da kai, shi ya sa zan ja miki kunne. Za ki ci karo da wata kalma da ake sa wa a maimakon «ya dogara da», wato «ya tilasta». Ita ba ta tambaya, kunna abu take yi ko abin da yake bukata yana nan ko babu. Kada ki taɓa ta.

Ki gaishe shi.

Kawunki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya hawa da sauka? Rubutowa na yi don ba zan iya faɗin wannan a waya ba, Umma tana jin komai ta bango.

Na turo maka amsar Kawu Injiniya ka gani. Ya ce kada in taɓa kalmar nan. Yaya, na taɓa.

Ran Asabar da rana ne. Na buɗe fayil ɗin, na goge «ya dogara da Tsohuwar Mahaɗa», na rubuta «ya tilasta Tsohuwar Mahaɗa». Na adana shi. Da na koma jerin sai ga zaɓin Abba ya dawo wurinsa kamar bai taɓa tafiya ba. Gargaɗi ya fito da rawayan rubutu, wai an kunna abin da dogaronsa bai cika ba. Na kau da kai na bar shi ya haɗu. Ya kuwa haɗu.

Na ɗora masa akwatin a cinya. Ya daɗe yana kallon maɓallan. Sai ya danna ɗaya, lasifika ta amsa. Umma ta fito daga kicin da kumfa a hannu tana cewa, «Alhamdu lillahi! Maigida yi magana, ko zagi ne mu dai mu ji!» Har maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo da tef a wuya.

Kuskuren da na yi, na bar kwamfutata a buɗe kan kujerar da ke gefen gado, rawayan rubutun yana nan a sikirin. Na ga idonsa ya je wurin ya tsaya. Ka san kallon. Sai ya fara dannawa a hankali, muna tsaye mu uku. Akwatin ya ce:

«Wa ya tilasta.»

Na ce, «Ni ce, Abba.»

Ya ci gaba. «Cire. Ba a…» Nan abin ya daskare, muryar ta maƙale tana ta «aaaa» kamar an taka akuya, sai da na zare waya.

Umma ta ce, «Me ya ce a cire? Bargon?» Ta yaye bargon. Mai ɗinki ta ce, «Ai ko ba komai murya ta fito, gobe sai waƙa.» Ba wanda ya yi dariya, ta ja ƙofa ta tafi.

Na sake tayar da shi. Wannan karon tun kafin a taɓa ya daskare. Na kuma tayarwa, ya tashi, na miƙa masa, ya ture shi da gwiwar hannu har ya kusa faɗuwa ƙasa. Tun ranar in na shigo da shi ɗakin bango yake juya wa fuska.

Yaya, wata guda bai ce komai ba. Bai ce ƙafata na ciwo ba, bai ce sannu ga Umma da ke juya shi tana wanke shi har bayanta ya ƙage ba, bai kira sunan kowa ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa tuhuma ce. Na san shi ke da gaskiya, an ma gargaɗe ni. Amma na je makaranta ran Litinin malamar lissafi tana tambayata ko an yi mana rasuwa ne.

Me zan yi? Kai ka taɓa zama a ofishinsu, ka san su. Kawu mutumin kirki ne a da, yana ba ni alewa. Me ya sa yake rubutu kamar takardar asibiti?

Ka kula da kanka a ramin lif ɗin hawa benen nan. Umma na gaishe ka, ta ce ka daina aiko hoto kana rataye.

Ƙanwarka,
Auta

*

Malama Auta, injiniyar gidanmu,

Na ga saƙo. Lafiya lau nake, ki ce wa Umma igiyar ta fi ni ƙarfi.

Na yi dariya, ki yafe ni. «Wa ya tilasta.» Wallahi Maigadi bai mutu ba. Ko a kabari aka sa shi sai ya duba ko an jera ƙasar bisa ƙa'ida.

Kina tambaya me ya sami Kawunki mai alewa. Zauna ki sha labari. Wannan ƙa'idar ta maraya da yake karanta miki, wa kike tsammani ya kafa ta? Ubanki. Shi ya rubuta ta, shi ya fara yanka da ita, kuma wuyan da ya fara samu na Dogo ne, wato sunan da suke kiran Kawun naki da shi. Lokacin Dogo sabon shiga ne, ya yi wata da watanni yana rubuta direban wata 'yar na'urar buga rasit, aikinsa na farko da ya shiga kanel da sunansa. Har hoton sikirin ya ɗauka ya kai wa matarsa. Sai haihuwa ta zo mata da gardama, aka sa jaririn a kwalba, Dogo ya tare a asibiti ba ya duba saƙo. Ubanki ya rubuta masa, ya yi sanarwa, ya jira wa'adi, ya cire. Yaron bai rayu ba. Ranar da Dogo ya dawo aiki, Maigadi ya tashi ya ba shi hannu ya ce, «Allah ya ba da haƙuri. Direbanka ba shi da mai kula, na cire.» A numfashi ɗaya. Masinjan ofishin ne ya ba ni labari lokacin da na je koyon aiki, kuma kowa a wurin ya san shi.

Ni ma ai kin san yadda muka ƙare. Gyarana na farko a gaban ofis gaba ɗaya ya haska shi a bango, yana bi layi layi, ya ce wanda ya rubuta wannan ko dai malalaci ne ko maƙaryaci. Ya san wanda ya rubuta. Washegari na ajiye musu katin aikinsu. Lif dai in ya lalace ba ya tambayar ɗan wa ya zo gyara.

To Dogo ya jira shekara da shekaru, yau ƙwallo ta zo ƙafarsa, ga raga ba gola. Kina tsammanin hawayenki zai sa ya buga waje? Ki rabu da su, Auta. Su biyun nan tukunya ɗaya ta dafa su. Jarrabawarki ta ƙarshe ta kusa, ita ce taki. Zan tambayi wani abokina ko akwai wasu maɓallan manya da ke shiga sabuwar, in an dace shi ke nan.

Kuma ki daina cewa shi ke da gaskiya. Kullum shi ke da gaskiya. Ita ce cutar da ta fara kama shi kafin wannan.

Ki ci abinci. Ki shafa wa Umma man zafi a baya, ki ce inji ni.

Yayanki

*

Zuwa ga Kawu Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina sake gaishe ka, da fatan ban dame ka ba.

Da farko, na yi abin da ka hana ni. Na tilasta, ya daskare kamar yadda ka faɗa. Na mayar da layin yadda yake. Ka yi haƙuri.

Na biyu, an ba ni labarin abin da ya faru tsakaninka da Abba lokacin da ka yi rashi. Ban san da shi ba sa'ad da na rubuto maka, da na sani da ban iya ɗaga alƙalami ba. Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne. Ba ni da bakin ba ka haƙuri a madadin Abba, bai aike ni ba, kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba. Yayana ya ce ramuwa kake yi. Ni ban sani ba. In ita ce, ba zan ce ba ka da hujja ba, sai dai Umma ce ke biya, ita kuwa ko kunna kwamfuta ba ta iya ba.

Na karanta ƙa'idar a shafinku har ƙarshe. Ta ce maraya ake cirewa. Ba ta faɗi shekarun mai kula ba, ba ta ce sai ma'aikacinku ba. Kawu, a sa sunana. Zan amsa duk saƙon da aka aiko, ko ina aji zan nemi izini. Ban iya da yawa ba, amma direban gajere ne, na karanta shi har na kusa haddacewa.

In maganata ta yi tsauri, ba da niyya ba ne.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Amin, na gode da addu'a.

Ki gaya wa yayanki da ramuwa ce da na ji daɗinta. Ban ji ba. Abin da mahaifinki ya yi mini daidai ne a ƙa'ida. Direbana ya lalace a lokacin, yana hana wasu haɗa nasu, kuma ba ni nan. Da ni ne a kujerarsa yau abin da zan yi ke nan, kuma duk wanda ya zo bayana haka na koya masa. Abin da ya tsaya mini daban ne. Mun yi shekaru muna zaune tebur na kallon tebur bayan nan, bai taɓa tambayata sunan yaron ba.

Mu koma kan aiki. Kin karanta ƙa'idar daidai, ba ta hana ki ba. Ga abin da ake bukata.

Tsohuwar Mahaɗa za ta tafi ko da wa ke kula. Dole a ɗauke direban daga kanta a mayar da shi Sabuwa. Wannan rabin naki ne, na haɗo miki misalin wani da aka mayar ki duba. Ɗaya rabin nawa ne. Maɓallan nan suna magana a hankali, Sabuwar Mahaɗa ba ta saba jira ba, sai na ƙara mata wani yanki. Ke ba za ki iya ba, bayanan cikinta ba sa fita daga kamfani. Ni kuma ba a yarda in ƙara yankin da ba mai amfani da shi ba. In direban ya tsaya, zan ƙara. In ya tafi, babu dalili.

Sai abu na ƙarshe. Mai kula ba ya sauka sai da yardarsa, in yana raye. Layi ɗaya ya isa, daga adireshinsa, cewa ya miƙa miki. Ba sai ya buga da hannunsa ba, ki buga a gabansa ya amince.

Ana rufe karɓar gyara ranar Juma'ar ƙarshen wata, da tashi aiki. Abin da aka cire ba ya dawowa. Sai dai a rubuta sabo daga farko ya bi layi, wannan kuwa sai zubin baɗi.

Ki yi tunanin jarrabawarki kafin ki amsa.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu Injiniya,

Assalamu alaikum. Da fatan an wuni lafiya.

Ga rabina na haɗo. Ya haɗu babu gargaɗi ko ɗaya. Yanzu layin ya ce maɓallan sun dogara da Sabuwar Mahaɗa, kuma zaɓin yana fitowa a jeri da kansa. A ɗakin kwamfuta na makaranta na yi yawancinsa, lokacin tara. Jarrabawar gwaji ta faɗo a tsakiya. Takardar kimiyya ban gama ta ba, malamin ya kira ni ofis ya ce ya yi zaton da ni za a yi alfahari bana. Ba komai.

Layin amincewar Abba ne babu.

Jiya da yamma na ja kujera na buɗe masa aikin. Ya sa Umma ta ɗora masa tabarau. Ya karanta tun daga sama, in ya gama shafi ya ɗaga kai in matsa. Bai taɓa kallon wani abu nawa tsawon haka ba. Da ya gama na karanta masa wasiƙarka, ban tsallake komai ba, har maganar yaron. Sannan na buɗe adireshinsa na buga layin, na ce, «Abba, in aika?»

Ya girgiza kai.

Na ce, «Akwai kuskure a aikin?» Ya girgiza kai.

«Jarrabawata kake ji?» Ya girgiza.

«Ba ka so sunana ya hau?» Ya girgiza da ƙarfi har tabarau ya zame.

Umma tana bakin gado tana ninke kaya. Ta ce, «Maigida, don girman Allah. Yarinyar nan ta rame kamar tsinke a kan abin nan. Ni na gaji da duba, ban iya duba ba. Ka ce e mana mu huta!» Ya rufe ido.

Ni na rasa tambaya. Umma ce ta jefar da zanen da ke hannunta ta ce, «Ko so kake Dogon ya zo da ƙafarsa ya roƙe ka?» Da gatse ta faɗa. Sai ya buɗe ido ya ɗaga kai.

Na ce, «Abba, roƙo?» Ya girgiza. Na ce, «Ya zo dai?» Ya ɗaga kai, ya sake ɗagawa.

Kawu, ban san me yake so da kai ba, kuma ba shi da bakin da zai faɗa ko ka zo. Na gaya wa Yaya a waya, ya ce in bar shirme, adireshin a buɗe yake a gabana, in danna aikawa, wa zai sani? Na zauna da yatsa a kan maɓallin har sikirin ya yi duhu. Ban iya ba. Ka ce ya amince, bai amince ba.

Gidan bai sauya ba, hawa na biyu, ɓangaren da ke kallon tankin ruwa. Ba sai ka zauna ba. Ko a tsaye ne, ko minti kaɗan, kafin Juma'a. Ban taɓa roƙon kowa abu irin haka ba.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na duba aikinki. Babu abin gyarawa.

Ba zan zo ba. Na ɗauki makullin mota na ajiye ya fi sau nawa. Miƙa aiki a rubuce ake yinsa, ba a zuwa gida karɓa, shi ya koya mana haka. In layin ya iso kafin tashi aiki ran Juma'a zan sa nawa rabin a ranar.

Allah ya ba shi lafiya.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka.

Na ga gyaran cirewar ya shiga. Na ga jan layi a kan sunan Abba.

Ban gaya musu ba za ka zo ba, na kasa. Ran Juma'a tun da safe ya yi ta nuna durowa har Umma ta gane rigar aikinsa yake so, mai aljihu biyu. Ta goge ta, ta aske masa gemu, muka ɗaga shi muka zaunar a kujera. Ta dafa shayi ta fito da kofunan baƙi. Duk wanda ya taka matakala sai ya miƙe wuya. Da lokacin tashi ya yi na durƙusa na sake tambayarsa ko in aika. Ya girgiza kai. Ya zauna a haka har aka kunna fitilun titi, sannan ya yarda muka mayar da shi gado. Rigar bai bari an cire ba.

Zan rubuta sabon, daga farko, bayan jarrabawa. Na san sai baɗi. Umma ta ce Allah ya kai mu, ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Akwai wuraren da zan kakare, kuma ba ni da wanda zan tambaya. In ka ba ni izini zan riƙa rubuto maka. A kan aikin kawai. Ba zan ƙara ambaton Abba ba, sai in kai ka tambaya.

Ka gaida Anti.

'Yarka,
Auta